Ƙungiyarmu ta watse, ya za a raba kayan kiɗan?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

Mu huɗu ne a Zango, nan Damagaram. Tun muna aji na uku a koleji muka fara kiɗan jita mai ƙara irin na Agadez, wanda Bombino ya kai har Turai. Da jitar aro muka soma, ganga kuwa jarka ce da murfin tukunya. A hankali aka san mu a fada-fada, ana kiranmu biki da suna har Mirriya. Abin da muka samu muka tara, muka sayi jita biyu, ampili mai ƙara sauti da ƙaramin gurup mai ba da wuta, jika 180 gaba ɗaya.

Bayan BEPC, jarrabawar gama koleji, komai ya dagule. Mai waƙarmu ya ce sai an ba shi kaso biyu tunda muryarsa ake zuwa ji. Mai ganga baban shi ya hana shi, yanzu yana tsaron shago a kasuwar Dole. Na huɗun ya tafi Agadez da jita ɗaya, wai aro, wata bakwai ke nan ko waya ba ya ɗauka.

Sauran kayan suna ɗakina, ƙura ta rufe su. Mai waƙa na cewa ampili nashi ne don yayan shi ya cika jika 30, kuma gaskiya ya cika, sai dai ba mu rubuta komai ba.

In sayar in raba kuɗin huɗu, har da wanda ya gudu da jita? Ko mu kai wa mai unguwa? Innata ba ta son a ji mu a can.