Ko dangin sitiroberi na daji za su iya inganta irin da ake nomawa?

Ɗalibar Noma:
Assalamu alaikum, malamai. Ina yawan jin ana cewa sitiroberin daji na ɗauke da ƙwayoyin gado masu daraja. Me hakan ke nufi a aikace, kuma me ya hana a aura shi da irin da ake shukawa a Amurka ko a tudun Jos?

Mai Binciken Iri:
Wa'alaikumus salam, malama. Ai irin da ake nomawa shi kansa ruwa biyu ne. A shekarar 1714 wani Bafaranshe mai suna Frézier ya kawo tsirran sitiroberi biyar daga ƙasar Chile zuwa Faransa, dukkansu mata, ba su kuwa yi 'ya'ya sosai ba sai da aka dasa su kusa da wani iri na Arewacin Amurka mai suna Fragaria virginiana. Daga wannan aure sitiroberin yau ya fito, kuma tun da iyayen nasa kaɗan ne, gadonsa ba shi da faɗi, alhali na daji sun daɗe suna jure sanyi, fari da ƙasa mai gishiri.

Babbar hujjar da nake kafawa ita ce aikin Royce Bringhurst na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya tsinko wani tsiro a duwatsun Wasatch na jihar Utah, mai yin fure ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta. Da aka aura shi da irin gona, wannan hali guda ya tsawaita kakar girbi da watanni.

Malamin Tsirrai:
Gaskiya ne, sai dai ba kowane ɗan daji ne ke auruwa cikin sauƙi ba. Irin gona yana da kuromosom 56 (zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), daidai da iyayensa biyu, don haka aurensu ba wuya. Shi kuwa Fragaria vesca na dazukan Turai, wanda ƙamshinsa ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, 14 kawai gare shi, kuma 'ya'yan auren galibi ba sa haihuwa sai an ninka kuromosom ɗin da sinadarin kolcisin. Bayan haka, ɗan daji kan taho da nasa aibin, wato ƙananan 'ya'ya masu saurin lalacewa, sai an yi ta mayar da auren ga irin gona shekara da shekaru kafin a tace.

Ɗalibar Noma:
Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. To a ina mai bincike zai samu waɗannan tsirrai?

Mai Binciken Iri:
Akwai rumbun adana iri na gwamnatin Amurka a Corvallis, jihar Oregon, inda ake rainon su da ransu. A ganina, mai son yi wa manoman Jos aiki ya fara da masu kuromosom 56, ya nemi masu jure zafi da cutar saiwa.