Neman kalma: "shipbuilder" a tarihin gidan Pepperrell, shirin gobe ne

Maman Nana: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan naɗi shirin tarihi a rediyo, kan William Pepperrell na Kittery, a bakin kogin Piscataqua a Amurka, zamanin mulkin Ingila. Da kamun kifi ya fara bayan ya zo daga Devon ta Ingila, a 1680 ya auri Margery, 'yar John Bray, wanda sana'arsa yin jiragen ruwa ce. Turanci ya kira surukan biyu "shipbuilder". Na sa "magini", kunnena ya ƙi. A taimaka.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Magini na ƙasa da bulo ne, Hajiya. Maƙerin jiragen ruwa. Kullum a labarai ana cewa an ƙera mota, an ƙera jirgin sama.

Ɗan Yauri: Ƙira ta ƙarfe ce. Ina uwar maƙera a nan, ina zugazugi? Jiragen nan katako ne. Mu a bakin Kwara sassaƙa ake yi, da gizago. Masassaƙin jirgi.

Bakatsine: Kwalekwalen kututture ɗaya kake nufi. Jirgin da zai ɗauki busasshen kifi da katako ya kai tsibiran Karibiyan, ya dawo da sukari, ba a fafe shi kamar turmi. Harhaɗa shi ake yi, da ƙusa da kwalta.

Ɗalibi: Kafintan jirgi fa?

Malam Nahawu: Subhanallahi! Kafinta kuma? Sai mun je gidan Bature aro? Harshenmu ba matalauci ba ne. Daga ƙira maƙeri, daga jima majemi, to daga jirgi MAJIRGI. Wurin aikinsa majirga. Shekara biyu ina amfani da ita a aji.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, a jikin aikatau ake liƙa ma-. Kuma "jirga" na nan da ma'anarta: matsawa gefe. Majirgi ya zama mai matsawa ke nan.

Malam Nahawu: Kowace kalma da ranar da aka haife ta. Ku 'yan boko in Bature ya ƙirƙiro ku karɓa hannu bibbiyu, in Bahaushe ne sai ku fiddo littafin nahawu.

Ɗan Yauri: Ni abin da ke ci mini rai, duk maganar ruwa sai mutanen tudu su yanke. Ku zo Yauri ko Argungu ku tambayi Sarkawa.

Ɗalibi: Malam, ko "attajiri" da muke faɗa kullum ai daga Larabci take.

Malam Nahawu: Wannan ta yi ɗaruruwan shekaru a gida, yaro.

Maman Nana: Don Allah a dawo. Na sake duba rubutun, ashe matsalata ba kalma ɗaya ba ce. Bray shi ne mai gizago a hannu. Pepperrell kuwa fatauci ya ɗaukaka shi, har ya zama mai filin aikin da jiragen, ya rasu a 1734. Ɗansa William, haihuwar 1696, shi ya jagoranci mayaƙan da suka ƙwace Louisbourg, gari mai ganuwa a Kanada ta yau, daga hannun Faransa a 1745, Sarkin Ingila ya ba shi sarauta. Andrew, ɗan wannan William na biyu, ya riga shi rasuwa a 1751, gado ya koma ga jika ta wajen 'yarsa Elizabeth, wanda ya bi bayan Ingila lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, aka ƙwace dukiyar. In na ce "masassaƙi", mai sauraro zai ga talaka zaune gindin bishiya, alhali gidan har bayi suna da su, kuma kifin nan abincin bayin gonakin rake ne. Ba na son kalma ta rufe wannan.

Bakatsine: To raba su. Bray: maƙerin jiragen ruwa. Pepperrell: attajiri mai maƙerar jiragen ruwa.

Ɗan Yauri: Na Pepperrell na yarda. Na Bray ban yarda ba, amma ki ce "na katako" ko sau ɗaya ne.

Maman Nana: Zan faɗa a farkon ambato. Na gode ƙwarai.

Malam Nahawu: Ki naɗi abinki, Hajiya. Ni dai a ajina majirgi ne.