Hannun roba mai sa mutum ya ji abin da ya riƙe, da gaske akwai?

Abban Hanifa:
Salam 'yan uwa. Ƙanina aka yanke wa hannun dama ƙasa da gwiwa bayan hatsarin adaidaita, yanzu yana sa hannun roba amma kullum kukansa ɗaya ne, in zai ɗau kofi ko ƙwai dole idonsa na kai don bai san ƙarfin da ya matsa ba, da ya kau da kai abu ya suɓuce. Na ji an ce akwai wanda ke sa mutum ya ji taɓawa, don Allah wanda ya sani ya min bayani.

Injiniyan Kurna:
Allah ya ƙara masa lafiya. Akwai kam, amma ba ji irin na fata ba ne fa. Sensa, wato 'yar na'ura mai gane matsi, ake sawa a kan yatsun, in ya matsa abu sai ta tura saƙo zuwa wani ɗan ƙaramin inji mai jijjiga irin na cikin waya, shi kuma yana manne da fatar dungun ko damtse, matsa kaɗan jijjiga kaɗan, matsa da ƙarfi ta ƙaru, a hankali ƙwaƙwalwa take sabawa har ya rage kallon hannun. Kamfanin PSYONIC na Amurka suna da irinsa, Ability Hand.

Baban Walid:
Abban Hanifa ni hannun hagu na rasa, mai igiya nake sawa wanda ake ja da kafaɗa, kuma wallahi shi ma ina jin ƙarfin riƙona ta yadda igiyar ke jan kafaɗar. Na lantarkin nan motsin tsoka yake karantawa ta fata, to ka tuna zafin Kano a watan Afrilu, gumi na taruwa a cikin soket, wato gurbin da dungun ke shiga, sai hannun ya fara ƙin jin magana, ga caji kullum ga ƙura, in ya lalace kuma masu gyaran waya na Farm Centre ba su da kayansa. Ba hana ku nake ba, amma ku fara kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a duba zaman soket ɗin a dungunsa, in bai zauna daram ba jijjigar ma ba zai ji ta daidai ba.

Maman Sadiq:
To masu ƙafar roba fa? Mahaifiyata ce, ciwon suga.

Injiniyan Kurna:
Hajiya ana gwada shi a ƙafa ma, sensar a tafin take zama don mutum ya san ya taka ƙasa. Amma mai suga fatarta na buƙatar lura sosai, sai likitanta ya duba tukunna.