Yaya ake gano ranar haihuwa da ta rasuwar kakanni?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Na sayi littafi na fara rubuta tarihin gidanmu, don Gwaggo Azumi ce kaɗai ta rage a ɗakin su babanmu, kuma jiki ya fara nauyi. Sunaye ba su ba ni wahala ba, ta lissafo min har kakan kakanmu. Ranaku ne suka gagara. Ita kanta a katinta na ɗan ƙasa an sa 1 ga Janairu, alhali ta ce an haife ta ne cikin azumi, shekarar da Sarauniya ta zo. Kakanmu kuwa, an ce yana goye jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano, ya rasu ranar wata Juma'a da damina, shekarar canjin kuɗi. So nake jikokinmu su san lokacin da waɗannan bayin Allah suka rayu, in ranar ta zagayo mu tuna da su. Don Allah wa ya taɓa yin irin wannan aikin?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai Gwaggo ta gama miki rabin aiki. Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna. Azumin wannan shekarar, wato 1375 ta Hijira, ya kama ne wajen tsakiyar Afrilu ya kai cikin Mayu. Ki tambaye ta ko an taɓa gaya mata cewa da zafin bazara aka haife ta. In ta ce haka ne, kin samu wata da shekara.

Jirgi ya iso Kano a 1911, to haihuwar kakanku tana tsakanin 1909 da 1911. Amma ki yi hattara da canjin kuɗi, don ba sau ɗaya aka yi ba. An yi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, an yi a 1973 da naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, sannan na Buhari a 1984. Ki tambaya: da fam aka sayi likkafani ko da naira? Motoci sun koma hannun dama ko tukuna? Canjin hannu a 1972 aka yi shi.

Ni mahaifina haka muka gano tasa haihuwar. Kakata ta ce tana wankan jego aka kashe Sardauna, mutane na azumi. Janairun 1966 ke nan.

Ɗan Maraɗi:
'Yar'uwa, ki duba sunayen ma. Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk rana suke gaya miki. Tasallah da Sallau ranar salla, Marka tsakiyar damina. Mu a nan Nijar da yunwa tsofaffi suke lissafi, kamar ta 1984 da ake kira El Buhari, ko juyin mulkin Kunce na 1974. Kuma in a gidanku an yi malami, ki sa a buɗe gafakarsa. A cikin ta kakana muka tarar da 'yar takarda ta yi ja, an jera haihuwar 'ya'yansa da ajami, kowa da ranarsa da watansa.

Malam Na-Allah:
Rubuta tarihin abu ne mai kyau, yana ƙarfafa zumunci. Sai dai batun ware rana duk shekara don taron sadaka, malamai sun yi saɓani: wasu na yi, wasu na ganin bidi'a ce. Addu'a da sadaka ga mamaci kuwa ba wanda ya hana, a kowane lokaci. In za ki rubuta ranar, ki sa ta Hijira da ta Bature gefe da gefe, don ta Hijira tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira Gwaggo yanzu. Ta ce da naira aka yi hidimar, sabuwa fil, mutane ma ba su gama gane lissafinta ba. Daminar 1973 ke nan. Malam, ba taro nake nufi ba, abinci kawai zan dafa a kai makarantar allo, in tara yara in gaya musu ko su wane ne. Gafakar kakanmu tana wurin ƙanin mijin Gwaggo a ƙauye, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je in duba.