Abin da ya karɓi ƙasa da abin da ya ƙi a lambunanmu na Ingila

Maman Khadija, Bristol: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan shekara uku ina jiran layi, bana ƙaramar hukumarmu ta ba ni fegin lambu, kuma kafin in kashe kuɗi a kan iri ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka gani da idonsu. Yankinmu ba shi da tsananin sanyi, dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a ƙasa, shi ya sa nake kwaɗayin shuka kuɓewa da yakuwa da zogale kamar yadda muke yi a gida.

Baban Sadiq, Manchester: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka. Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, rashin tsananin sanyi dabam, samuwar zafi dabam. Shekara biyu a jere na shuka kuɓewa a fili, ta tsiro ta kai tsawon taƙi ɗaya ta tsaya cak, ganyenta ya yi ɗorawa, saboda ko a watan Yuli daren nan bai kai ɗumin da take so ba. Sai da na koma tsirar da ita a bakin taga a watan Afrilu, na mayar da ita ɗakin gilashi na renon shuka a watan Yuni, sannan muka ga miyarta. Zogale kuwa a tukunya nake ajiye shi, in shigar da shi gida a watan Oktoba. Alayyahu da kabewa ne ba su taɓa ba ni kunya ba, matuƙar ban fitar da su waje kafin ƙarshen watan Mayu ba, domin har tsakiyar watan raɓa na iya daskarewa da asuba ta ƙone dashe a dare ɗaya.

Maman Aisha, Landan: Ni a nawa lambun, ruwa ya fi sanyi yi mini ɓarna. Ruwan da ake samu a Landan a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba, amma ƙasarmu yumɓu ce, kuma a lokacin hunturu babu ranar da za ta busar da ita. Na dasa rozmeri da lavanda, waɗanda asalinsu na busassun tuddan gaɓar Bahar Rum ne, da bazara ta zo na tuge su na tarar saiwoyin sun yi baƙi suna wari, ƙasar na manne da hannuna kamar tuwo. Tun daga lokacin nake tada kunya kamar ta dankali, ina cuɗa takin ganye da ƙananan tsakuwa. Yaya, ki haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a feginki, ki cika shi da ruwa, idan kin dawo washegari ruwan yana nan, to kin san irin ƙasar da kike da ita. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tafarnuwa, wadda nake binnewa a watan Nuwamba in tone a watan Yuli, domin ita sanyin ne ma yake sa ta rabu sala-sala. Ɓauren da na jingina da bangon da ke fuskantar kudu ya tsallake mugun sanyin Disamban 2022, wanda ya kashe wa maƙwabtana furanni masu yawa.

Malam, Truro: Hajiya, game da yakuwa, za ki ci ganye amma kada ki sa rai da zoɓo. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, ga shi a nan yinin watan Yuni ya zarce awa 16, kuma kafin ya ragu yadda take so sanyi ya riga ya shigo. Na gwada a nan Cornwall, inda ɗumin ruwan tekun Atlantika ke sa tsirran ƙasashe masu zafi su rayu a waje, amma hakan bai canza komai ba. Ina kuma ba ki shawara ki riƙa duba alamar juriyar sanyi da RHS, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, ke sa wa tsirrai, daga H1 zuwa H7. Mai H3 ba ya jure abin da ya wuce digiri 5 ƙasa da sifili, mai H4 kuwa yana kaiwa digiri 10 ƙasa da sifili, kuma shi nake ganin ya dace da yawancin abin da za ki bari a waje.

Maman Khadija, Bristol: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haƙa ramin jiya da yamma, yau da safe na tarar da rabin ruwan, don haka da kunya zan fara. Bana alayyahu da kabewa da tafarnuwa zan sa, yakuwa layi ɗaya saboda miya, kuɓewa kuma sai na samu ɗakin gilashi.