Lissafin yaɗuwar tarin fuka a garken shanu ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum. Ina aikin kammala karatu kan tarin fukan shanu, wanda ƙwayar Mycobacterium bovis ke haddasawa, a garkunan madara na kewayen Maradi, yawancinsu shanu nau'in Azawak. Na gina lissafin yaɗuwar cutar a manhajar ƙididdiga da ake kira R, na raba garken gida huɗu: masu lafiya, waɗanda suka kamu amma gwajin fata bai fara gane su ba, waɗanda gwajin ke kamawa, sai masu yaɗa cutar.

Da na saka saniya guda mai cuta cikin garke mai shanu 50, kafin shekara biyu lissafin ya nuna cutar ta kama garken kaf. A zahiri kuwa, in an yi allurar gwaji a wuya aka duba kumburi bayan awa 72, ƙalilan ne ke nunawa.

Na rage ƙarfin kamuwa, sai cutar ta ɓace gaba ɗaya. Na tsawaita lokacin ɓuyanta, jinkiri kawai aka samu. Na saka cewa gwajin na tsallake wasu masu cutar, giɓin bai cike ba.

Zargina shi ne lissafin ya ɗauka kowace saniya na cuɗanya da kowace daidai wa daida, kamar shanun da ake kullewa a ɗaki. Namu a fili suke kwana, da damina kuma wasu su tafi arewa kiwo.

Don Allah, yaya zan shigar da wannan cuɗanya mai sauyawa tsakanin rani da damina cikin lissafin?