Kwana huɗu jaririna bai yi kashi ba, in ba shi ruwa?

Amarya Mai Jego: Assalamu alaikum iyayenmu mata, a taimaka min da shawara. Yarona watansa 2, nono zalla yake sha, yau kwana huɗu bai yi kashi ba, sai tusa da miƙa. Hajiyar maigidana ta ce zafin garin nan ne ya busar masa da ciki, a riƙa ba shi ruwan ɗumi da cokali, a lasa masa zuma. A wurin rigakafi kuma an ce babu ruwa sai ya kai wata 6. Wanne zan bi?

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Yana kama nono sosai? Yana jiƙa famfas? Cikinsa da laushi? In eh, kwantar da hankalinki. Mai shan nono zalla, da ya wuce sati 6, yakan yi har mako bai yi ba. Ranar da zai yi kuwa, ki tanadi omo.

Uwar Biyar: Mu dai da ruwa aka raine mu, ga mu nan garau.

Anti Nas: Yaya, Allah ne ya kiyaye. A wurin aiki muna ganin waɗanda gudawa ta kwantar saboda wannan ruwan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a bazara ya ishi jariri. Ruwa yana cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, in ya yi yawa kuma ya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Zuma sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Kar kuma a cusa masa sabulu a dubura.

Taurin kashi shi ne ya fito a bushe kamar na akuya, yana kuka. Amarya, yanzu dai ki ƙara ba shi nono, ki murza masa ciki a hankali, ki juya ƙafafunsa kamar yana tuƙa keke. In kika ga ciki ya kumbura, ko amai kore, ko jini a kashi, ko zazzaɓi, ko ya ƙi nono, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Amarya Mai Jego: Na gode Anti, babu ko ɗaya cikin waɗannan. Hajiya ce dai ban san yadda zan yi da ita ba.

Maman 'Yan Biyu: Kar ki yi musu da ita. Ranar rigakafi ki roƙe ta ta raka ki, ta ji daga bakin nas.